Idan Kwamfutar Makaranta Tana Kashe Kanta: Yadda Ake Gano Zafin Furosesa Da Yadda Ake Maganinsa

  

A azumin shekarar 2025, wanda ya faɗo cikin watan Maris, kwamfutar ofishin makarantarmu da ke nan Moshi Zango ta shiga wani hali. Idan an kunna ta da safe sai ta yi aiki lafiya lau. Amma da zarar yaran da ke kula da bidiyon tafsiri sun fara haɗa karatun jiya domin a ɗora shi a Facebook da YouTube, sai fankarta ta ɗauki ƙugi kamar injin niƙa, aiki ya yi ta jan ƙafa, bayan minti goma sha biyar ko ashirin ta mutu ɗif. In an sake kunna ta, sai ta ƙara mutuwa cikin lokacin da bai kai na farko ba. A cikinta kuwa akwai rajistar ɗalibai ta shekaru da dama, da sakamakon jarrabawa, da lissafin kuɗin makaranta, da wasu karatuttuka da ba su da kwafi a ko'ina.

Kowa ya kawo shawararsa. Wani ya ce bairos ne, a yi mata fomatin. Wani ya ce tsufa ne, a kafa gidauniya a masallaci a sayi sabuwa. Wani ya ce laifin wutar lantarki ne. Da mun bi shawarar farko, da mun share rajistar ɗalibai a banza, matsalar kuma tana nan inda take. Allah ya taimake mu da wani tsohon ɗalibinmu da ya karanci wannan fanni. Ya zo ya auna zafin na'urar kafin ya taɓa komai, sannan ya bi ta mataki-mataki muna zaune muna kallo muna tambaya. Abin da aka kashe bai wuce kuɗin buroshi da ɗan bututun mai ba.

Tun daga lokacin mun ji irin wannan koke daga makarantu da shagunan buga takardu a Aboabo da Asawase da Tafo. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka koya, domin masu kula da ofisoshin masallatai da ɗalibanmu su amfana.

Mece ce furosesa, kuma me ya sa take zafi?

A bakin mutane, akwatin kwamfutar tebur gaba ɗaya shi ake kira si-fi-yu. A haƙiƙa wannan suna na wani ɗan ƙaramin abu ne da ke cikin akwatin, mai kusurwa huɗu, wanda faɗinsa bai kai na akwatin ashana ba. Ita ce furosesa, wadda ake wa laƙabi da ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin duk lissafin da na'urar ke yi a cikinta ake yin sa. Tana zaune a kan madabod, wato babban faifan da sauran kayan ke manne a jikinsa.

A cikinta akwai ƙananan makunnai da ido ba ya gani, masu kunnuwa da mutuwa sau biliyoyi a daƙiƙa guda. Kusan duk wutar da suka sha zafi take komawa. Mu ɗauki misali da Core i5-2400 ta kamfanin Intel, wadda ta fito a 2011, kuma har yau ana samun ta a tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema. An tsara ta a kan wat 95 na zafi. Core 2 Duo E8400 ta 2008 wat 65 ce, Core i5-3470 ta 2012 kuwa wat 77. Manyanmu za su tuna ƙwan fitila na dā mai wat 100, wanda hannu ba ya iya riƙe shi in ya ɗan jima a kunne. To kusan wannan zafin ne ke fitowa daga wani ɗan wuri da bai fi farcen babban yatsa ba.

Masu ƙera furosesa sun san da haka, sai suka sa mata ma'aunin zafi a cikinta da kuma iyaka. Galibin na Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, yawancin Ryzen na kamfanin AMD kuwa 90 zuwa 95. Idan ta kusanci iyakar, sai ta rage saurinta da kanta domin ta huce. Wannan shi ne jan ƙafar da ake gani. In hakan bai wadatar ba, sai ta yanke wuta baki ɗaya. Saboda haka kwamfutar da ta kashe kanta don zafi galibi ba ta lalace ba tukuna, kare kanta ta yi. Sai dai a riƙa tilasta mata kullum, ana kunnawa tana mutuwa, shi ne ke gajiyar da sauran kayan da ke kewaye da ita, kuma kowace mutuwar bazata tana iya ɓata fayil ɗin da ake cikin aiki a kansa.

Hanyar da zafi ke bi ya fita

Wanda ya fahimci wannan sashe ya samu rabin gyaran. Zafi yana da hanya guda da yake bi, mai zango biyar.

Zango na farko shi ne wani mai launin toka da ake shafawa a bayan furosesa, wanda masu gyara ke kira tamal-fes. Na biyu shi ne ƙarfen sanyaya da ke danne a kanta, na alminiyam, wani lokaci da jan ƙarfe a tsakiyarsa, mai haƙora jere kamar matsefi. Na uku fanka ce da ke hura iska tsakanin haƙoran. Na huɗu shi ne akwatin kansa, wanda iska mai sanyi ke shiga ta gabansa, mai zafi ta fita ta bayansa. Na biyar shi ne ɗakin da kwamfutar take.

Duk furosesar da ta yi zafi fiye da kima, to ɗayan biyu ne: ko dai an toshe hanyar a ɗaya daga cikin zangunan nan, ko kuma an ɗora mata aikin da ya fi ƙarfin hanyar. Aikin mai bincike shi ne ya gano wane zango ne. Hikima kuwa ita ce a faro daga waje a yo ciki, wato daga ɗaki zuwa mai, domin na waje ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma ba shi da haɗarin ɓata wani abu.

Zafi ne ko wuta?

Mu da muka rayu cikin shekarun dumsor, musamman daga 2012 zuwa 2016, mun saba ɗora wa wutar lantarki laifin komai. Wani lokaci gaskiya ne, don haka a bambance.

Alamar zafi ita ce: kwamfuta tana tashi lafiya in ta huce, tana mutuwa ne bayan ta ɗan jima ko lokacin aiki mai nauyi, fanka tana ƙara kuka kafin mutuwar, in an sake kunna ta nan take sai ta fi saurin mutuwa, in kuma an bar ta ta huta rabin awa sai ta daɗe. Da rana ta fi yi, da asuba da wuya ta yi. Wasu kwamfutocin ofis ma sukan rubuta gargaɗi a fuskarsu lokacin tashi, cewa mutuwar baya ta zafi ce, ko cewa ba su ga fankar furosesa ba. A karanta wannan rubutu kafin a danna a wuce shi.

Alamar wuta kuwa ita ce: tana mutuwa ba tare da la'akari da nauyin aiki ba, sau da yawa daidai lokacin da fitilar ɗaki ta yi ƙyafce, ko aka jona dutsen guga, ko firiji ya tashi. Wannan maganinsa duba soket da waya, da samun sitabilaiza ko yu-fi-es.

A auna kafin a taɓa

Likita ba ya ba da magani sai ya sa ma'auni. Akwai manhajojin kyauta da ke nuna zafin furosesa, kamar HWMonitor da Core Temp da HWiNFO. A sauke ɗaya daga shafin masu ita na asali. A kunna kwamfuta a bar ta minti goma ba ta aikin komai, a rubuta lambar da ta nuna. Sannan a sa ta aikin da ke kashe ta, a zuba ido a ga inda lambar za ta kai, ita ma a rubuta.

A yanayi irin namu, digiri 35 zuwa 50 lokacin hutu ba abin damuwa ba ne. Lokacin aiki mai nauyi, 60 zuwa 80 daidai ne. In ta zauna sama da 85 a fara bincike. In tana taɓa 95 zuwa 100, a dakatar da aikin nan take.

Yadda lambar ke hawa shi ma yana ba da labari. Idan tana hawa a hankali cikin mintuna har ta kai ƙarshe, an fi zargin ƙura ko fanka ko rashin iska a akwati, domin ƙarfen yana karɓar zafin amma ba ya samun inda zai sauke shi. Idan kuwa cikin daƙiƙu kaɗan ta yi tsalle daga 50 zuwa sama da 90, alhali ƙarfen sanyayar ɗumi-ɗumi kawai yake in an kai hannu kusa, to zafin ba ya isa ga ƙarfen, sai a zargi mai ko zaman ƙarfen.

Kafin a ci gaba, a kwafe duk muhimman fayiloli zuwa filash ko wata ma'adana ta waje. A yi haka da sassafe lokacin da na'urar take da sanyi. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a duk bayanin nan, domin ƙarfe ana sayen wani, rajistar shekara goma kuwa ba a sayen ta a kasuwa.

Mataki na ɗaya: ɗaki da mazauni

Galibin kwamfutocin ofis an ƙera su ne su yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Kumasi, cikin Fabrairu da Maris, zafin rana a waje yakan kai 33 ko fiye. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwanon rufi, ba silin, tagogi a rufe, yana wuce haka. Kuma duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru da shi, kusan shi furosesa za ta ƙaru da shi, domin da iskar ɗakin take sanyaya kanta.

A duba inda akwatin yake. Shin an cusa shi cikin kabad mai ƙofa? An manna bayansa da bango? An jibga littattafai da rajistoci a kan ramukan iskarsa? Rana tana dukansa ta taga? Tamu mun same ta a ƙasa, ƙarƙashin tebur, an lulluɓe ta da wani kyakkyawan mayafi don kada ƙura ta taɓa ta, ana kuma aiki da ita a haka. Niyya mai kyau ce, amma mayafin shi ya hana ta numfashi. A lulluɓe ta in an kashe ta ta huce, a yaye in za a kunna. A ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur ko benci, domin ƙasa nan ƙurar shara da ta takalma ke taruwa. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninta da bango.

Mataki na biyu: aikin da take yi

A kan Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, sai wani allo ya fito mai nuna kowace manhaja da kason ƙarfin furosesa da take ci. Idan ba a aikin komai amma jimillar tana kan kashi 80 ko 100 cikin ɗari, a duba wace ce ke ci. Wani lokaci sabunta Windows ne ko binciken manhajar tsaro, waɗannan sukan gama su lafa. Wani lokaci kuwa wata ɓoyayyiyar manhaja ce da ta shigo tare da manhajojin sata da yara ke saukewa, tana amfani da na'urarka da wutarka tana haƙo wa wani kuɗin intanet. Irin wannan a cire ta, a bi kwamfutar da manhajar tsaro.

Haɗa bidiyo kuwa bisa ɗabi'arsa yana cin ƙarfin furosesa kusan duka. Kwamfuta mai lafiya ya kamata ta jure shi. In ba ta jurewa, aikin ya tona matsalar da ke ɓoye ne kawai.

Mataki na uku: ƙura

A nan ne aka fi samun ɓarawon. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi daga arewa, wadda ke ratsa tagogin lufa ko an rufe su. Ga jar ƙurar hanyoyin unguwa, ga hayaƙin gawayi da na mai daga wuraren girki. Fanka tana zuƙo duk wannan kullum. In damina ta zo da laimarta, sai ƙurar ta dunƙule ta zama kamar bargo tsakanin fanka da haƙoran ƙarfe. Fanka tana juyawa da ƙarfi, amma iska ba ta ratsawa.

Ga yadda ake yi. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta daga bango, a danna makunni na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. A fitar da akwatin waje inda akwai inuwa. A buɗe murfin gefe. Kafin a taɓa komai a ciki, a dafa ƙarfen akwatin, domin jikin mutum yana tara wata wuta mai tartsatsi, musamman da hunturu, wadda ke iya kashe kayan ciki. A ɗauki hoton cikin da waya don a tuna mazaunin kowace igiya.

A sa busasshen buroshin fenti mai laushi a sassauta ƙurar, sannan a hure ta da ƙaramar bulowa irin ta masu gyara. Lokacin hurawa a danne fanka da yatsa ko tsinke kada ta juya, domin juyin da ya wuce kima yana lalata ta. A bi haƙoran ƙarfe har sai an hango haske ta tsakaninsu. A share ramukan gaba da na baya, a huro akwatin wuta ta ramukansa daga waje. Wanda ke aikin ya rufe hancinsa, masu asma kuma su matsa nesa.

Mataki na huɗu: fanka

A mayar da wuta, murfi a buɗe, a kunna a kalla ba tare da sa hannu ba. Shin fankar furosesa ta tashi nan take? Tana juyi sumul ko tana tangaɗi da gurnani? In an kashe, a juya ta da yatsa: lafiyayya takan ɗan ci gaba da juyi, wadda ta gaji kuwa tana tsayawa nan take ko ta yi tauri. A duba wayarta, mai baki uku ko huɗu, ko tana zaune a gurbinta na kan madabod. Sau da yawa wani ya taɓa buɗewa ya manta bai mayar ba, ko wata igiya ta faɗa ta tare fikafikan.

Fankar da ta mutu sai canji. A cire ta a tafi da ita shagunan kayan kwamfuta na Adum domin a samo irinta, saboda wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo suna da bakin waya nasu na daban. A kuma kula da wani murfin roba da ke kan ƙarfen sanyaya a irin waɗannan na'urori. Shi ke tattara iska ya bi da ita inda ake so, kada a jefar da shi da zaton ado ne.

Akwai gwaji mai sauƙi na zango na huɗu. A bar murfin gefe a buɗe, a fuskanto da fankar ɗaki, a sake auna zafi. In ya sauka sosai, to iska ce ba ta zagayawa a akwatin, sai a duba fankar baya da ramukan gaba. Gwaji ne kawai, kada a mayar da shi ɗabi'a, domin akwati a buɗe gayyatar ƙura ce da kyankyasai da tsaka da hannun yara.

Mataki na biyar: zaman ƙarfe da mai

In an yi duk na sama zafi bai sauka ba, sai a zo nan. Wuta a zare, a ɗan girgiza ƙarfen sanyaya a hankali. Bai kamata ya motsa ba. Na Intel da aka saba gani yana da ƙafafun roba huɗu masu shiga ramukan madabod, kuma ɗaya takan karye ko ta fita, musamman in na'urar ta sha jijjiga a mota. Ƙafa ɗaya ta ɗaga, ƙarfen ya daina dannuwa daidai. Na kwamfutocin ofis kuwa galibi sukurori huɗu ne masu sifirin.

Amfanin mai shi ne: bayan furosesa da gindin ƙarfe, ko da sun yi sumul a ido, suna da ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta ɗaukar zafi sosai. Man yana cike ramukan. Bayan shekaru yakan bushe ya tsattsage kamar tsohon yaɓe. Kwamfutar da aka ƙera a 2011 ko 2012, in ba a taɓa canza mata ba, man da ke ciki ya haura shekara goma.

A bar kwamfuta ta yi aiki na 'yan mintuna don man ya yi laushi, sannan a kashe a zare wuta. A kwance sukurori kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. In ƙafafun roba ne, a murɗa kowace ta bi kibiyar da ke kanta sannan a ja sama. A ɗan murza ƙarfen hagu da dama kafin a ɗaga. Kada a fizge, domin a tsofaffin na AMD furosesa takan biyo ƙarfen ta fito, alluranta su lanƙwashe. Ita furosesar a bar ta a gurbinta, babu buƙatar cire ta.

A goge tsohon mai daga ɓangarorin biyu da tsumma mai tsabta marar gashi da ɗan sifirit mai ƙarfi, irin wanda ake kira aisofurofil, a bari ya bushe. A ɗiga sabon mai a tsakiyar furosesa, gwargwadon ƙwayar wake ƙarama. A ɗora ƙarfe a miƙe sau ɗaya, nauyinsa zai baza man. In an ɗaga bayan an ɗora, a goge a sake. A mayar da ƙafafun roba yadda suke ta hanyar murɗa su saɓanin kibiya, a danna biyu-biyu masu fuskantar juna har a ji ƙas. In sabon ƙarfe aka saya, a duba gindinsa a ɓare ledar da ke manne. A ƙarshe a mayar da wayar fanka, wannan shi aka fi mantawa.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a sa man goge baki ko girisin mota ko man kaɗanya a madadin man furosesa. Suna bushewa ko su narke su kwarara kan madabod. Kada a kunna kwamfuta ba ƙarfen sanyaya a kai, ko na daƙiƙa kaɗan. Kada a wanke ciki da ruwa, kada a ɗora ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma a kan akwati. Kada a kai ta wurin masu facin taya a hure ta da injinsu, domin iskarsa ta yi ƙarfi kuma takan fito da ruwa da mai.

Akwatin wuta, wanda wayar bango ke shiga cikinsa, kada wanda ba gwani ba ya buɗe shi, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi. Wasu tsofaffi da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Ghana 230 ce. Yaro ya tura shi zuwa 115 aka jona, nan take zai ƙone.

Yaushe za a nemi mai gyara?

In an ji warin ƙuna, ko an ga wasu ƙananan gwangwanaye a kan madabod sun kumbura ko suna tsiyaya, ko an bi duk matakan nan zafi ya sauka amma kwamfuta ba ta daina mutuwa ba, to aikin ya wuce na gida. Haka nan wanda zuciyarsa ba ta natsu da mataki na biyar ba, ya kai wa gwani, babu kunya a ciki. Sai dai ya tafi da lambobin da ya rubuta, ya nemi a nuna masa zafin kafin gyara da bayansa, kuma ya faɗa a sarari cewa kada a yi fomatin sai da izininsa. Fomatin ba ya cire ƙura, ba ya tayar da matacciyar fanka.

Zafi kaɗai ba dalilin sayen sabuwar kwamfuta ba ne. In akwai dalilin da ya kamata kwamitin makaranta ya tattauna, shi ne cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma furosesoshin da muka ambata a sama ba sa cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Wannan magana ce ta tsari da tanadi, a yi ta cikin natsuwa.

Yadda tamu ta ƙare

A tamu an samu abu uku a haɗe: mayafin da muka ambata, da bargon ƙura a ƙarƙashin fanka, da man da ya bushe ƙamas. Kafin gyara zafinta yana haura 90 in ana haɗa bidiyo. Bayan an yaye mayafi an share ƙura ya sauko sosai, da aka canza mai kuwa bai ƙara kai 70 ba. Da ita aka ƙarasa tafsirin shekarar, kuma tana nan tana aiki.

Abin da muka tsara wa kanmu, muke kuma ba 'yan uwa shawara a kai, shi ne a share ƙura sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu wajen watan Maris, ɗaya kafin shigowarsa wajen Nuwamba. A canza mai duk bayan shekara uku ko huɗu, ko in awo ya nuna buƙata. A bar aiki mai nauyi zuwa bayan asuba ko dare. A kwafe fayiloli duk ranar Juma'a. A kuma damƙa wannan aiki ga mutum guda sananne, da ɗan littafin da zai riƙa rubuta kwanan wata da lambar zafi, domin kayan jama'a in ba a ambaci mai kula da su ba, kowa yakan zaci wani ne zai yi. Kwamfutar makaranta da ta masallaci da kuɗin sadakar mutane aka saye su, wasu ma da taron sisin iyaye mata masu sayar da koko da waake, saboda haka kula da su amana ce a wuyanmu.

Ɗalibanmu da suka iya wannan aiki, muna roƙonsu su zagaya makarantun unguwa kafin azumi mai zuwa su duba musu na'urorinsu, su kuma koya wa na bayansu.

Allah ya sa mu dace, ya yi albarka a cikin abin da ya ba mu.